Wasiƙar Ngo Kaneng a Kwalin Masu Roƙo

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa, har da haƙora huɗu da sunayen rabin mutanen da na yi wa aiki, amma ban taɓa mantawa da wata Litinin ba, ranar da wata dattijuwa ta miƙo min wasiƙa da hannu biyu, ni kuwa na karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin ledar gyaɗa.

Ku da kuke kama aikin masinja yanzu a ofisoshin 'yan majalisa, kun sha damuna in ba ku labarin zamaninmu. Kun san ni, Baba Iro, da baki, kuna tsammanin dariya za ku sha. Za ku ɗan yi, amma ba da yawa ba. Ku kuma yi haƙuri da rubutun. A aji uku na tsaya a firamare, kuma ba ni na bar makarantar ba, ita ce ta gaji da ni.

Shekara takwas na yi ina masinja a ofishin mazaɓa na wani ɗan majalisa a nan Jos. Ba zan faɗi sunansa ba. Honarabul muke ce masa, ku ma ku ce masa haka. Ni mutumin Dilimi ne, shi kuwa mazaɓarsa tana can wajen Rayfield da ƙauyukan da ke bayanta. Abin da ya haɗa mu shi ne ubana da ubansa tare suka yi lebura a haƙar kuza, a rami ɗaya. Da ya ci zaɓe sai ya aika aka kira ni, ya tambaye ni me na iya. Na ce na iya zama, kuma na iya tashi in an kira ni. Ya ce ai aikin ke nan gaba ɗaya.

Ga wanda bai san tsarin ba, ɗan majalisa wurin zama biyu gare shi. Akwai majalisar kanta, inda ake yin doka. Akwai kuma ofishin mazaɓa, inda waɗanda suka zaɓe shi ke zuwa su same shi, ko in ce su same ni, don shi sau ɗaya yake leƙowa a mako, in ya leƙo ɗin. Mu biyu ne a ofishin. Madam Rifkatu sakatariya tana ciki da kwamfuta da injin kwafi, ni ina bakin ƙofa da ƙaramin tebur da hatimi.

Aikina ba wuya. Mutum ya kawo wasiƙa tare da kwafinta, in buga hatimin ofis a kan duka biyun, in rubuta kwanan wata, in yi wannan ƙaramin zanen da nake kira sa hannu. In riƙe ta ainihin, in mayar masa da kwafin ya zama shaidarsa. Daga nan sai rabo. Akwai jan fayil, wanda nake kai wa Madam Rifkatu kullum kafin a tashi, ita ta duba ta miƙa wa Honarabul. Akwai kuma kwalin sabulu a ƙarƙashin teburina, wanda muke kira kwalin masu roƙo: mai neman a biya wa ɗansa makaranta, mai matar da ke kwance a asibiti, wanda iska ta yaye wa rufi, mai neman aiki. Waɗannan ba su ƙirguwa. Ƙarshen wata in Madam ta samu sarari ta leƙa su, in ba ta samu ba kwalin ya tafi sito a sa sabo.

To ga matsalar. Wasiƙun nan kusan duk da Turanci ake rubuta su, don mutane sun ɗauka majalisa ba ta jin wani yare. Ni kuwa Turancina na sayen burodi ne. Hausa ina karantawa a hankali, da yatsa. Turanci sai dai mu kalli juna. Yaya zan san wadda za ta jan fayil da wadda za ta kwali? Sai na ƙirƙiro ilimina na kaina. Ina duba ambulan, ina duba ƙafar wanda ya kawo. In an buga wasiƙa da inji, da tambarin ƙungiya a samanta, mai kawowa kuma takalminsa na sheƙi, jan fayil. In an rubuta da biro a takardar da aka yago daga littafin 'yan makaranta, mai kawowa da silifas, kwali. Har alfahari nake yi da abin. Nakan ce wa Madam, "Ke da digirinki sai kin buɗe kin karanta. Ni tun daga ƙofa nake karanta wasiƙa a ƙafar mai ita." Ta yi dariya ta ce Allah ya shirye ni. Abin da ya cuce ni shi ne yawanci ina yin daidai.

A shekarar da nake ba ku labari, wajen ƙarshen damina, aka kawo wani ƙudirin doka a kan tafkunan kuza. Duk ɗan Jos ya san su: ramukan da masu haƙar kuza suka tafi suka bari, ruwa ya cika su. Daga sama lumui, kai ka ce kwano ne, amma zurfinsu ba a magana, kuma suna cin mutane. Ƙudirin ya ce a kewaye su da waya, a hana kowa zuwa bakinsu, ba wanka, ba wanki, ba ɗiban ruwa. Wanda ya kawo shi da kyakkyawar niyya ya kawo, wannan ban taɓa shakka ba. Sai dai akwai mutanen da da ruwan nan suke noman rani. Kabeji, karas, latas, koren wake da kuke gani a kasuwa lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu, da yawa daga bakin tafkunan nan suke fitowa, da ɗan injin ban ruwa da tiyo.

Ga yadda doka take tafiya, ga wanda bai sani ba. In an yi wa ƙudiri karatu na biyu a majalisa, sai a miƙa shi ga kwamiti. Kwamiti ya yi sanarwa a rediyo cewa duk mai ra'ayi ya rubuto. A wannan karon sun ce kwafi goma, a kai ofishin akawun kwamiti a cikin majalisa, kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Larabar da ke biye za a yi zaman jin ra'ayin jama'a, kuma wanda takardarsa ta shiga rajista shi kaɗai za a kira ya yi magana. Duk wannan na san shi sarai, don ni nake riƙe wa Honarabul jaka, a gabana ake faɗa. Ku riƙe wannan, kada wani ya tausaya min ya ce jahilci ne kawai.

Ranar Litinin ta makon da za a rufe karɓar takardu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta shigo. Doguwa ce, siririya, da ɗankwalin zumuntar matan coci, da buhu a hannu. Na dubi ƙafarta. Takalmin roba ne irin na shiga fadama, laka ta bushe a kai.

"Sannu da aiki, Baba."

"Sannu, Mama. Honarabul ba ya nan, aljihunsa ma ba ya nan. Tare suka fita."

"Ni ban zo wurin aljihun shi ba," in ji ta. "Sunana Ngo Kaneng, daga bayan Rayfield. Wannan takarda maganar doka ne."

Ngo, ga wanda bai sani ba, haka Birom ke kiran dattijuwarsu, kamar mu ce Mama.

Na ce, "Mama, kowa ya shigo nan maganarsa ta doka ce. Ko jiya wani ya rantse min doka ce Honarabul ya saya masa babur."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sun ce a rediyo a rubuta, mun rubuta. Mu masu lambu ne a bakin tafki. In sun rufe ruwan nan, lambu ya mutu. Ni ba ni da wani abu sai shi."

Na ji ta da kunnuwana biyu. Ba ta ɓoye komai ba, ba ta yi kwana-kwana ba. Amma na kalli wasiƙar: takardar littafin makaranta, rubutun biro, ambulan ɗin ma an taɓa amfani da shi an juya. Na ce a raina, duk inda maganar ta zaga, a layin ƙarshe injin ban ruwa za a roƙa. Na sha ganin irinta.

Har na tambaye ta, don neman magana kawai, me ya hana ta kai wa akawu yadda rediyo ya ce. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Mu ba mu san akawu ba. Ba shi muka zaɓa ba. Honarabul muka zaɓa. Lokacin kamfen ya zo har lambu na, ya tuge karas ya ci ko wankewa bai yi ba. Shi zai kai mana."

Haka mutanenmu suke, na tudu da na gari duka. Magana mai nauyi ba a jefa ta a ofishin baƙo, a hannun wanda aka sani ake sa ta. Kuma ba laifi ta yi ba. Jimla ɗaya ce ta rage min: Mama, zauna, bari Madam ta yi miki kwafi goma in hau keke napep in kai. Injin kwafi yana bayana, taku biyar. Majalisa kuma ba ta kai rabin awa ba.

"Zai kai kafin Juma'a?" ta tambaya.

Na ɗaga hatimi na hura masa iska yadda nake yi in ina son in burge mutum. Na ce, "Mama, kin ga wannan? Duk abin da na buga wa shi, ya kai ya gama." Na buga, tam, tam.

Ta karɓi kwafinta ta ɗaga shi sama ta duba tawadar, ta ninke, ta sa a leda, ta ɗaure a bakin zaninta. Sannan ta buɗe buhu ta ciro kabeji biyu manya ta ajiye min a tebur, ta ce na yara. Tana juya baya na sunkuya na jefa wasiƙar a kwali. Kabejin kuwa na kai gida, aka yi mana kwaɗo da ƙuli. Ya yi daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba.

Juma'a ta zo ta wuce, ko sau ɗaya matar ba ta faɗo min a rai ba.

Ranar Laraba na bi Honarabul zaman jin ra'ayi da jakarsa a hammata. Shi ba ɗan kwamitin ba ne, amma tafkunan da yawa a mazaɓarsa suke, dole a gan shi. Ɗakin ya cika. Ina neman inda zan raɓe sai na hango ta a layin baya, ita da mutanenta, maza da mata, sun cika benci biyu, duk da kayan zuwa coci. Ta ɗaga min hannu. Ni ma na ɗaga mata, har da murmushi. A lokacin ne wasiƙar da ke cikin kwali ta faɗo min a rai.

Akawu ya riƙa kiran suna daga rajista. Wani malamin jami'a ya yi magana. Wata ƙungiyar iyaye ta yi, wata mata a cikinsu ta yi kuka har ɗakin ya yi tsit, don ɗanta a tafki ya tafi. Masu otal sun yi, lauyoyi sun yi. Duk wanda aka kira, sai in ga Ngo Kaneng ta gyara zama, ta taɓa bakin zaninta. Har akawu ya rufe rajista, shugaban kwamiti ya fara godiya.

Sai ta miƙe. Ba ta yi ihu ba. Ta tako tsakiyar ɗakin da takalmanta na Lahadi, ta je gaban akawu, ta kwance ledar ta miƙa masa. Ya duba, ya ce mata a hankali wannan hatimin ba nasu ba ne. Ya nuna wa shugaban kwamiti. Shugaban ya karanta sunan ofishin da ke jikin hatimin, ya ɗaga kai ya dubi Honarabul. Honarabul ya juyo ya dube ni. Ita ma ta juyo.

"Ga shi can," ta ce, ta nuna ni da hannu. "Shi ya ce ya kai ya gama."

Kafin masu ɗaukar hoto su farga, Honarabul ya tashi ya kama hannunta yana "Ngo, Ngo, zo mu yi magana a waje," ya fita da ita. Ni ban tsaya an kore ni ba. Na ajiye jakar a kujera na fita da gudu, irin gudun da rabona da shi tun ina saurayi, na tari keke.

A ofis na kife kwalin a ƙasa. Madam Rifkatu ta fito tana tambaya ko na haukace. Can ƙasa na samo ta, da ɓawon gyaɗa a manne a jikin ambulan. Na ce, "Madam, don Allah karanta min wannan, ki juya min da Hausa."

Shafi ɗaya ne na magana, sai shafi biyu cike da dangwalen yatsu, kowanne da suna a gefensa. Wani tsohon malamin makaranta ne ya rubuta musu. Ta fara karantawa a tsaye, kafin ta kai tsakiya ta jawo kujerata ta zauna.

Ba su roƙi inji ba. Ba su roƙi komai na aljihun kowa ba. Sun ce ba sa ƙin waya, a kewaye tafkin. Ngo Kaneng ta sa a rubuta cewa mijinta a cikin ruwan nan ya mutu, ranar da ya shiga ciro tiyon da ya maƙale, saboda haka ba sai an yi mata bayanin haɗarinsa ba. Abin da suke nema layi ɗaya ne a ƙara a dokar: a bar ƙofa ɗaya a kowane tafki, a rubuta sunayen masu lambu, a bar tiyonsu ya bi ta ƙarƙashin waya. Su kuma za su riƙa gadin ƙofar bi da bi. Sun ce tun safe har yamma su ne a bakin ruwan, su ne ke korar yara masu zuwa wanka, su ne ke ihu in wani ya zame. In an kore su, waya za ta tsufa ta huje, kuma ranar da wani zai faɗa ba mai jin kukansa.

Madam ta ajiye takardar a cinyarta. Ta ce, "Baba Iro, da wannan ta shiga, da sun karɓa. Ba ta rage wa kowa komai ba, taimakonsu ma ta yi." Sannan ta ce, "Ni ma ina da laifi. Shekara nawa ina dariyar iliminka na takalmi."

Na ce ta bar rabon laifi, nawa ya ishe ni, ta yi min kwafi goma.

Na koma majalisa da su wajen la'asar. Ɗakin ya watse, akawu yana haɗa takardunsa. Na durƙusa masa, ni da na haife shi. Mutumin kirki ne, bai wulaƙanta ni ba. Ya buɗe rajistar ya nuna min.

"Baba, tashi. Ni ma ɗan manomi ne. Amma dubi nan. An ja layi ranar Juma'a, shugaban kwamiti ya sa hannu a ƙarƙashin layin. Ina zan sa ta?"

Ya ce ƙofa ɗaya ta rage. In kwamiti ya mayar da rahotonsa zauren majalisa, ana bin ƙudirin sashe-sashe, kuma kowane ɗan majalisa yana da damar ya tashi ya nemi a yi gyara. Wato magana ta koma hannun Honarabul.

Washegari na kai masa wasiƙar gidansa a Rayfield. Na shirya wa zagi, har na zo da hulata a hannu. Bai zage ni ba. Ya karanta sau biyu, ya ce maganarsu gaskiya ce, zai tashi a kanta. Ya aika wa Ngo Kaneng da saƙon haka. Na ji labari da suka samu saƙon sai suka ci gaba da shirin rani, suka yi kaftu, suka zuba iri.

Bayan mako uku aka kawo rahoton. Na hau benen 'yan kallo na zauna. Da aka zo sashen hana ɗiban ruwa, Honarabul ya miƙe, ya nemi a ƙara layin nan na ƙofa da tiyo. Wallahi ya yi magana mai kyau, har na ga wasu suna gyaɗa kai. Na fara cewa Alhamdulillahi a raina.

Sai shugaban kwamiti ya miƙe. Shi da Honarabul ba jam'iyyarsu ɗaya ba, kuma zaɓe ya matso. Ya ce cikin ladabi kwamitinsa ya yi sanarwa a rediyo, ya saurari duk wanda ya rubuto, kuma a rajistarsa babu takardar manomi ko ɗaya. Sannan ya yi murmushi ya ce, in mutanen abokinsa Honarabul suna da wannan kuka, me ya hana su rubutowa? Ko kuwa sun rubuto, takardar ta maƙale a wani ofis? In haka ne abokinsa ya faɗa wa majalisa wane ofis ne, a rubuta.

Aka yi 'yar dariya. Masu ɗaukar hoto suka juya kansa. Wasiƙar tana cikin aljihun rigarsa, ni na ga lokacin da ya sa ta. Ya tsaya kamar minti ɗaya, hannunsa a kan aljihun. Sannan ya ce ya janye, in ya so a duba gyaran nan gaba. Ya zauna. Aka buga guduma, aka wuce sashe na gaba.

A mota, ina gaba kusa da direba, na kasa haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka ce ni ne. Ka ce wani tsohon jahili ne a ofishinka ya jefa ta a kwali. Ka kore ni a gabansu, ni na yarda."

Ya ce, "Iro, wa ya ɗauke ka aiki? Wa ya ba ka hatimin? In na kira sunanka, nawa na kira."

Direba ya ci gaba da tuƙi har gida.

Aka zartar da dokar, aka sa mata hannu. Irin waɗannan abubuwa yawanci sukan yi shekaru a takarda, amma wannan da wuri aka fara aiki da ita, kuma ta wajen Rayfield aka fara, don nan manya ke wucewa su gani. Tsakiyar rani, shuka ta kai rabi, aka zo da waya. Waɗanda suka koma suka zura tiyo a ɓoye aka kwashe musu injuna. Wata rana an aike ni wajen, na sa mai keke ya bi ta bayan gari. Na ga lambunan. Kabeji ya yi rawaya ya kwanta, ƙasa ta tsage. Taku goma daga nan, bayan waya, ruwa ne cike fal har baki, iska tana kaɗa shi. Ban sauka ba. Na ce wa mai keke ya juya.

Ni kuwa ba abin da ya same ni. Ba a kore ni ba, ko takardar tuhuma ba a ba ni ba. Kwalin kawai Madam ta ɗauke, ta ce daga yau kowace wasiƙa ta bi ta teburinta.

Wata biyar na yi ina cewa gobe zan je in ba ta haƙuri. Bakin nan nawa da ba ya tsoron kowa, ashe ƙafafuna matsorata ne. Da na tashi zuwa, aka ce min ba ta can. Filin dama aro ne, mai shi ya ga ba ruwa ya sayar wa mai gina gida. Aka ce in neme ta a kasuwar Farin Gada, wajen masu wankin karas.

Da safe na je. Matan suna tsaye a cikin ruwa har ƙwauri, suna tattake karas a buhu, suna ɗaurayewa, 'yan kasuwa na jira a loda a mota. Na same ta a sunkuye. Matar da ke noma nata, yanzu na wasu take wankewa. Na yi sallama. Ta ɗago, ta gane ni, ba ta fito daga ruwan ba.

Na cire hula na faɗi abin da na zo faɗa. Ban ƙawata shi ba. Na gaya mata kwalin, na gaya mata dalilin da ya sa na jefa ta a ciki. Ta saurara tana murza karas a hannu.

"Ka karanta shi daga baya?"

"An karanta min, Mama."

"Kwana uku muka yi a kai. Mu faɗa da Birom, a juya da Hausa, malam ya sa a Turanci, ya sake karanta mana." Ta jefa karas ɗin a buhu. "Baba, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka yi min irin maganar ka na ofis. Da ya kai, da sun ji?"

Ku sani, amsa biyu ce a bakina. Da na ce mata ai manya sun riga sun gama shawararsu, ko ta kai ba abin da zai canja, da ni na samu sauƙi, ita ma ta ce haka duniya take. Irin wannan amsar ita ce sana'ata, shekara takwas ina sallamar mutane da ita. Na buɗe baki, ta ƙi fitowa.

Na ce, "Da sun ji, Mama. Duk wanda ya karanta ta haka ya ce. Ni na hana."

Na ɗauka zagina za ta yi, kuma da na fi son haka.

"To," ta ce. "Gara da ka faɗa. Mutane na sun ce ba za su ƙara rubuta wa kowa komai ba, wai talaka ba ya magana a doka. Zan gaya musu ba haka ba ne. Mun yi magana, kai ne ka zauna a kai." Ta share hannunta a zani. "Ni nawa ya tafi. Amma akwai masu lambu a wasu tafki da waya bai kai ba tukuna. Gaya min ƙofar da ake bi, da kwafi nawa, da wa ake ba."

Na gaya mata dalla-dalla, ta sa na maimaita. Na ce in sun rubuta su kawo min, ni da kaina zan kai, da ƙafata.

"A'a, Baba," ta ce. "Ba ta hannun ka ba."

Ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.

Har na bar aiki ba a gyara dokar ba. Ko sun sake rubutawa, ko ba su sake ba, ban sani ba, kuma ba ni da fuskar tambaya.

Abin da nake so ku ɗauka a nan ba shi da yawa. Mu masinjoji ba wanda ya zaɓe mu, ba a sa hotonmu a bango, ba mu da ƙuri'a a zauren majalisa. Amma maganar mutumin ƙauye kafin ta kai kunnen mai yin doka, a teburinmu take fara sauka, kuma mu ne muke iya kashe ta ba tare da kowa ya ji ƙara ba. Rashin iya karatu ba shi ne ya kashe wasiƙar nan ba. Matar ta faɗa min abin da ke ciki da bakinta, na ƙi yarda, don na saba ganin talaka yana miƙo hannu, ban taɓa kawowa a raina zai iya miƙo shawara ba. In mutum ya ce muku takardarsa ta doka ce, ku zaunar da shi, ku nemo mai karantawa tun yana nan, ku nuna masa inda ake kaiwa. Kada ku yi masa alkawarin da ba ƙafarku ce za ta cika ba.

Sannan kada ku dogara da cewa in kun yi ɓarna za a hukunta ku, ku huta. A aikin nan ba a hukunta irinmu, don hukunta mu tonon asirin na sama ne. Ni an yi min walimar sallama, an ba ni agogon bango, an ce na yi aiki da amana, aka tafa. Na karɓa na yi godiya, har na ba da dariya. A safiyar ranar ma Ngo Kaneng tana tsaye a cikin ruwan sanyi har ƙwauri.